Kurakuran da Masu Ƙera Kyamarar 'Yan Koyo Suka Fi Yi

A shekarar 1888 George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a Amurka da alkawari guda ɗaya: kai dai danna maɓalli, sauran aikin namu ne. Akwatin yana zuwa da fim na hoto 100 a ciki, idan ya ƙare ka aika wa kamfani, su wanke su dawo maka da hotunanka. Abin da sabon shiga yake nema ke nan har yau, ya ɗauki hoton mutumin da yake ƙauna, ya fito da kyau, ya nuna wa jama'a. Yawancin kamfanonin da suka yi asara a wannan kasuwa mantawa suka yi da hakan.

Kuskuren farko shi ne injiniya ya ƙera wa kansa kyamara, sannan ya ce ta ɗan koyo ce. Maɓallai sun yi yawa, kowanne da alamar da sai ƙwararre zai gane, saituna kuma a ɓoye cikin jeri bayan jeri. Mai saye ya taɓa wani abu bisa kuskure, hotunansa duka su koma duhu, ya rasa inda zai gyara, sai ya jefa ta cikin durowa. Gyaran shi ne a rage abin da ke waje, a bar na cikin. Kyamarar bidiyo ta Flip, wadda ta fito a 2007, babban jan maɓalli ne a bayanta da wasu 'yan kaɗan, ta kuwa samu karɓuwa har kamfanin fasaha na Cisco ya sayi kamfanin da ke ƙera ta a 2009 kan dala miliyan 590. Kamfanin Nikon ya bi wata hanyar a kyamararsa D3000 a wannan shekarar: kyamarar tana tambayarka abin da kake son ɗauka da kalmomin yau da kullum, ta nuna maka saitin da ta zaɓa. Wannan ya fi burge ni, domin yana koyar da mutum ba tare da ya tsorata shi ba. A kuma sa maɓalli guda da ke mayar da komai yadda yake tun farko.

Sai gasar lambobi. Shekara da shekaru ana buga yawan megafiksel, wato miliyoyin ɗigon da ke haɗa hoto, da manyan haruffa a jikin kwali, kamar shi kaɗai ne ma'aunin kyawun hoto. Idan aka cusa ɗigo masu yawa a kan ƙaramin farantin da ke karɓar haske, kowane ɗigo hasken da yake samu kaɗan ne, shi ya sa hoton dare ko na cikin ɗaki yake fitowa da yashi-yashi. Megafiksel 12 ya isa a buga hoto mai girman takardar A4 tas. Kuɗin da ya rage gara a zuba shi a faranti mai girma, da gilashi mai shigar da haske, da na'urar hana rawar hannu. Haka zancen jawo hoto kusa: wanda gilashi ke yi daban, wanda ake yanko tsakiyar hoto a hura shi daban, kuma haɗa lissafinsu a talla yaudara ce.

Kuskuren da ya fi cin kasuwar baki ɗaya shi ne rashin tunanin yadda hoto zai fita daga cikin kyamara. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kusan miliyan 121, zuwa 2023 ba su kai miliyan 10 ba. Wayar hannu ce ta yi wannan ɓarna, alhali a farkon lamarin hotonta bai kai na kyamara ba. Abin da ta fi su da shi, kana ɗauka kana turawa. Mai kyamara kuwa sai ya nemi wayar haɗi, ya nemi kwamfuta, ya saka manhaja. Wasu kamfanonin ma suka ƙara wa kansu gishiri a ciwo da katin ajiya nasu na kansu, Sony da Memory Stick, Olympus da Fujifilm da xD, daga baya duk suka dawo kan katin SD da kowa ke amfani da shi. Ita ma Flip ɗin Cisco ya rufe ta a 2011. Duk wanda zai ƙera kyamara yau, ya sa katin SD, ya sa cajin USB-C, ya kuma tabbata dannawa ɗaya za ta kai hoto cikin waya. Idan kakar gida ba za ta iya tura hoton suna zuwa WhatsApp ba tare da ta kira jikanta ba, aiki bai ƙare ba.

Akwai kuskuren da ya shafe mu baƙar fata kai tsaye. Shekaru da yawa ɗakunan wanke hoto suna daidaita launi da katin gwaji na Kodak mai ɗauke da hoton baturiya, fuskokin baƙar fata suka riƙa nutsewa cikin duhu. Kyamarar da aka gwada a kan fata iri ɗaya kawai za ta maimaita wannan laifin. Kamfanin Transsion, mai wayoyin Tecno da Itel, ya daidaita kyamarorinsa da baƙar fata, hakan na cikin abin da ya ba shi kasuwar Afirka. A gwada kyamara a kan mutum mai duhun fata sanye da farar shadda cikin rana tsaka, nan ake gane gaskiyarta.

A wajen talla, an fi kuskure da nuna hoton da ƙwararre ya ɗauka da fitilun situdiyo. Mai saye ya koma gida, nasa bai yi kama da wannan ba, sai ya ɗauka shi ne bai iya ba, ko kuma an cuce shi. A ba mutanen da ba su taɓa riƙe kyamara ba ita na kwana ɗaya, a yi talla da hotunansu. A rubuta a kwali hoto nawa batir ke ɗauka kafin ya mutu, a kuma saka katin ajiya a ciki tare da batir mai ɗan caji, domin wanda ya buɗe kwali ranar biki ya samu ɗaukar hoton farko nan take.