Darasi na 7: Ba Kowane Tari Ne Korona Ba

A watan Maris na 2020 korona ta shigo Kamaru da Cadi. Daga nan duk wanda ya yi tari a kasuwar Garwa, sai a ja da baya a ce ta kama shi. Tsoron haka ya sa wasu suka ɓoye marasa lafiyarsu a ɗaki. Wannan ya fi damuna, domin zuwan annoba bai kori tsofaffin cututtuka ba.

Namoniya ita ce huhu ya kumbura, ruwa ya taru a ciki, numfashi ya yi wuya. Ƙwayoyin cuta iri biyu suka fi kawo ta, bairos da bakteriya. Korona bairos ce. Haka mura mai kwantar da mutum, da ƙyanda, da wata bairos mai suna RSV da ke kama jarirai. Duk suna iya sauka huhu, kuma zazzaɓinsu da tarinsu kusan ɗaya ne.

Alamu sukan ɗan ba da haske. Wanda ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano, an fi zaton korona. Mura takan faɗo farat ɗaya da ciwon jiki. Ƙyanda tana zuwa da jan ido da ƙuraje. Idan tari ya wuce mako 2, ga rama ga gumin dare, a gwada kakin mutum saboda tarin fuka. Amma duk wannan zato ne. Ko hoton ƙirji ba ya faɗin sunan ƙwayar, sai an lakato ruwan hanci da tsinken auduga an kai ɗakin gwaji, irin reshen Cibiyar Pasteur da ke Garwa.

'Yan'uwa, kafson amoksisilin da ake saye wurin mai tallan magani bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos. Wani lokaci bakteriya takan biyo bayan bairos, don haka likita ne zai ce a sha ko a bari.

Aikinmu a gida ƙirga numfashi ne, don mu gane ko ciwon ya sauka huhu. Yaro yana kwance ba ya kuka, a ɗaga rigarsa, a ƙirga tashin ƙirjinsa na minti 1. Ɗan wata 2 zuwa 11, idan numfashinsa ya kai 50 ya yi sauri. Ɗan shekara 1 zuwa 5 kuwa, 40. Idan ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki, ko ya kasa shan nono, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Aiki: yau da dare ƙirga numfashin yaro ɗaya a gidanku da agogon waya. Rubuta shekarunsa da lambar da ka samu, ka kawo aji gobe.