Kurakuran da aka fi yi wajen sa wa wuƙar daji ƙotar itace, da yadda ake gyara su

Wuƙar da ake shiga daji da ita, ta manomi ce ko ta makiyayi ko ta mafarauci, ba kasafai ruwanta ke fara mutuwa ba. Ƙota ce ke fara tafiya. Robar ta tsage, ƙusa ta saki, a ɗaure da tsumma ko robar tayar keke, daga nan a jefa ta bayan ɗaki alhali ƙarfen yana da sauran shekara goma a jikinsa. Wannan asarar tana ci mini rai, domin aikin sa sabuwar ƙota bai fi ƙarfin duk mai zarto da magagari da samfefa ba. Sai dai akwai wuraren da kusan kowa ke tuntuɓe, kuma yawancinsu gaggawa ce ke jawo su.

Tun kafin a taɓa itace ake fara kuskure, wato a zuba wahala a kan ƙarfen da bai cancanta ba. Arha ba aibi ba ce. Wuƙar Mora ta ƙasar Suwidin, da Tramontina ta Barazil, da Okapi da ake ƙerawa a Afirka ta Kudu duk masu sauƙin kuɗi ne a ajinsu, kuma suna aiki. Haka wadda maƙerinmu ya buga daga sifirin ɗin tsohuwar mota, in ya iya ba ta tauri, ba ta jin kunyar kowace. Abin gudu shi ne mai ƙyalƙyali kamar madubi wadda ƙarfenta ke da laushi. Ɗauki magagari ka goga a bakinta a hankali: in ya zame yana ƙara kamar an goga a gilashi, akwai tauri, in ya kama yana cin ta kamar ƙusa, bar ta a kicin. Sannan ka duba wutsiya, wato ƙarfen da ke shigewa cikin ƙota. Ba sai ka fasa robar ba, bi bayanta da maganaɗisu, inda ya daina kamawa nan wutsiyar ta ƙare. In ba ta kai rabin ƙota ba, ko ka fasa ka tarar siririyar waya ce aka liƙa da walda, wannan wuƙar ba ta sara ba ce, ko da wane itace ka sa mata.

Ɗanyen itace

A nan zan daɗe, domin a nan na fi ganin aiki ya lalace, kuma a nan nawa na farko ya lalace. A watan Agusta, ana tsakiyar ruwa, na sare reshen marke a gona, na fere shi washegari, na huda, na kafa ruwan wuƙa. Ta zauna daram, ko motsi ba ta yi. Da hunturu ya kankama a Disamba sai na ga wani siririn layi ya taso daga bakin ramin, cikin mako biyu ya buɗe har farce na shiga. Ranar da nake feraye turke a gona ruwan ya fita daga ƙotar gaba ɗaya, ya faɗi kusa da ƙafata. Na kai wa wani dattijon maƙeri, abokin mahaifina. Ya juya ƙotar, ya sa hanci ya shinshina, ya ce, "Ɗana, ai wannan itacen bai gama mutuwa ba ka sa shi aiki." Na ce, "Baba, a waje fa ya bushe." Ya ce, "Waje ka gani."

Dalilin a fili yake. Itace yana tsukewa ta kauri in ruwa ya fita daga jikinsa, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa tare da shi. Itacen ya matse wutsiya, wutsiya ta ƙi, sai ya tsage. A ƙasarmu abin ya fi tsanani, saboda iskar damina jiƙe take sharkaf, ta hunturu kuwa busasshiya ƙarau.

Gyaran ba shi da tsada, lokaci kawai yake ci. Yanke itacen ya fi tsawon da kake so da kamar santimita 5, ka tsaga shi biyu ko huɗu ta tsakiya. Kada ka yi ƙota da reshe sukutum wanda cibiyarsa ke tsakiya, daga cibiyar nan tsagewa ke farawa. Toshe kai da gindi da kakin zuma ko tsohon fenti, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita. Ajiye a inuwa, inda iska ke ratsawa, ba a kan kwano a rana ba, ba kusa da murhu ba. In kana da ƙaramin sikeli, auna shi duk mako ka rubuta a jikinsa da fensir. Ranar da nauyin ya tsaya mako uku a jere bai ragu ba, ya yi. In ba ka da haƙurin wannan, nemi itacen da ya riga ya tsufa: karyayyiyar taɓarya, tsohuwar ƙotar gatari, ƙafar gadon da aka daina amfani da shi. Mafi kyawun ƙotar da na taɓa yi daga taɓaryar kirya ce da ta shekara da shekaru a tsakar gida. Kuma in da hali, a yi aikin a cikin hunturu. Ƙotar da aka kafa lokacin da itace ya kai ƙarshen tsukewarsa, ba ta da sauran tsukewar da za ta tsaga ta.

Irin itacen ma da magana. Kirya, marke, kanya, aduwa da zuciyar tsamiya duk suna da nauyi da ƙwari. Maɗaci ya fi sauƙin sassaƙa kuma yana yin kyau. Kuka da rimi kuwa ɓata lokaci ne, farce ma shiga yake yi. A kowane iri ka ɗauki zuciya mai duhu, ka bar farin da ke bin ɓawo, shi ƙwaro ke fara ci. Madobiya tana da kyan da ba a musu, amma an yi mata sarar rashin imani don fitarwa ƙasashen waje, har ta shiga jerin itatuwan da CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, ke sa wa ido. Guntun da ya rage wurin kafinta ya ishe ka. Kada ka sa a kayar da bishiya saboda ƙota mai tsawon tafin hannu.

Rami, wuta da gam

Maƙeranmu sun saba gasa wutsiya ta yi ja, su soka ta cikin itace ta ƙona wa kanta hanya. Dabara ce mai kyau a hannun wanda ya iya, amma mai koyo yakan yi ɓarna biyu a lokaci ɗaya. Ta farko, ramin ya zama gawayi, gawayi kuwa ba ya riƙe komai, a hankali yake zubewa. Ta biyu ta fi muni: zafi ya gangaro cikin ruwan wuƙar ya kashe taurinta. Ƙarfen yana nuna maka da kansa. In ka ga launin karan dawa ya fito a kusa da kaifi, kana bakin iyaka. In ya koma shuɗi, wajen digiri 300 ke nan, wurin ya yi laushi, ba zai ƙara riƙe kaifi kamar da ba. Saboda haka fara huda da dirila, rami biyu ko uku a jere, ka haɗe su da siririn magagari. In dole sai ka ƙona, naɗe ruwan da jiƙaƙƙen tsumma, ka gasa ƙarshen wutsiya kawai, ka ƙona santimita ɗaya na ƙarshe, sannan ka kankare baƙin kafin ka zuba gam.

Farin gam na kafintoci itace da itace yake haɗawa, bai san ƙarfe ba. Sufa gulu kuma yana bushewa ƙarau, sara biyu ya farfashe. Abin da ake buƙata shi ne gam mai bututu biyu da ake cakuɗawa, irin su Araldite, kuma a ɗauki mai jinkirin kamawa wanda ake bari ya kwana. Mai kamawa cikin minti huɗu ko biyar bai kai shi ƙarfi ba, bai kai shi jure ruwa ba, kuma yakan daskare kana tsakiyar daidaita ruwan. Amma ko gam mafi kyau ba ya kama maiƙo. Goge wutsiyar da samfefa mai kaushi har tsatsa ta fita, yi mata 'yan tsage-tsage a gefe da magagari don gam ya sami abin riƙewa, wanke da tina ko sifirit, kada ka ƙara taɓa ta da hannu. Wani kuskuren da ba a lura da shi shi ne matsewa fiye da kima. A sa a bais, wato ƙarfen matsi na kan benci, a murɗa har gam ɗin duk ya tsiyaye waje, a bar ciki fayau. Matsi daidai ya isa, ko naɗi da robar tayar keke.

In wuƙarka mai faffaɗar wutsiya ce wadda ake liƙa wa itace gefe da gefe, kada ka huda ɓari biyun a tare da ka. Manna ɓari ɗaya, ka huda ta ramin ƙarfen, ka sa ƙusa ta riƙe, sannan ka juya ka yi ɗayan. Gama gyara goshin itacen, wato inda ya fuskanci ruwa, tun kafin ka liƙa, domin bayan nan samfefa ba za ta kai wurin ba sai ta karce ƙarfe. Ƙusar ta zama ta tagulla ko jan ƙarfe. Ta kafinta tsatsa take yi ta baƙanta itacen. Wajen daddale kanta, taɓa-taɓa da ƙaramar guduma, bugu ɗaya mai ƙarfi yana iya raba itacen da ka shekara kana jira. In kana goge kan ƙusa da inji, tsaya-tsaya ta huce, zafi yana sakin gam. In kuma wutsiyar ta yi taurin da bakin dirila ya ƙi ci, sa bakin huda siminti, a hankali, da ɗigon mai.

Kafin duk wannan, naɗe ruwan wuƙar da kwali da salatif tun daga tsini. Yawancin yankan da na gani a hannun masu wannan aiki ba a daji suka same shi ba, a kan benci ne.

Siffar ƙota kuwa hannu ke yanke hukunci, ba ido ba. Masu farawa sukan yi ta zagayayya kamar sanda, sai ta riƙa juyawa a tafi, ba ka san inda kaifi ya dosa ba sai ka duba. Yi ta kamar ƙwai in an kalle ta ta gindi, kimanin santimita 3 daga sama zuwa ƙasa, 2 da ɗan wani abu a kauri, tsawo 11 zuwa 12. Bar ɗan tudu a gaba inda yatsa zai tokare, domin ranar fiɗar ragon layya, hannu da jini da kitse, shi zai hana ka zamewa kan kaifi. Rage kaɗan, riƙe, rufe ido ka ji inda ke tokarar ka, sake ragewa. Wanda aka cire ba ya dawowa.

A wajen shafe, fenti mai sheƙi na kujeru santsi yake yi in ya jiƙe, daga baya ya ɓare. Man gyaɗa yana yin danƙo da wari. Baƙin mai na inji, wanda na ga mutane da yawa suna shafawa, bai kamata ya kusanci abin da zai taɓa nama ba. Narka man kaɗanya da ɗan kakin zuma, shafa da ɗumi, bar shi ya sha, goge, maimaita sau uku, sannan duk farkon hunturu ka ƙara.

Saura wadda ta riga ta fara girgiɗi. Al'adarmu ita ce a tsoma ta a ruwa ta kwana, kamar yadda ake yi wa fartanya. Da safe za ta kama, gaskiya ne, amma itacen da ya kumbura ya matsu da ƙarfe ya riga ya murƙushe daga ciki, in ya bushe sai ya fi da saki, ga tsatsa ta shiga wutsiya. Zare ruwan gaba ɗaya, bar ƙotar ta yi mako a inuwa, kankare ramin, ka sake kafawa da gam, ka cusa 'yan siraran ɓarin itace inda ya yi faɗi. In tsagar a baki take kuma ba ta wuce santimita 2 ba, ɗura mata gam ka sa zoben ƙarfe, guntun bututun jan ƙarfe na ruwa ya wadatar. In ta ratsa har gindi, fasa ta ka ajiye ruwan a naɗe da tsumma mai maiƙo, ka je ka nemi tsohuwar taɓarya.