Kurakuran da Fasinjoji Suka Fi Yi Wajen Shiga Tsofaffin Jiragen Sama

A filin jirgin saman Kaduna, fasinja yakan taka da ƙafa zuwa gindin jirgi ya hau matakala, kuma tun daga nan ake fara kuskure, domin wasu suna rububin hawa kamar a tashar Kawo, alhali an riga an rubuta wa kowa kujerarsa a katin shiga. Gyaran shi ne mutum ya duba lamba da harafin kujerarsa tun yana ƙasa. A Boeing 737-300 da 737-500, waɗanda aka daina ƙera su a shekarar 1999, kujeru shida ne a kowane layi, uku dama uku hagu, A da F ne kuma na taga. Maniyyatan da suka samu Boeing 747 za su tarar da kujeru goma da hanyoyi biyu, an tsallake harafin I, don haka na taga su ne A da K.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne sauya wuri kafin tashi. Mutum ya hango kujeru babu kowa a baya, sai ya kwashi jakarsa ya koma can ba tare da tambaya ba. Tun kafin a rufe ƙofa an lissafa yadda nauyin mutane da kaya ya rarrabu tsakanin gaba da baya, kuma da wannan lissafi matuƙi yake saita jirgin domin tashi. Idan mutane da yawa suka yi ƙaura, musamman ranar da jirgi bai cika ba, lissafin ya ɓaci. Wanda yake son zama kusa da mahaifiyarsa ko matarsa ya nemi hakan tun wajen karɓar kati, ko ya roƙi ma'aikaciyar jirgi ta daidaita su.

Layin ƙofar gaggawa da ke saitin fiffike yana jan hankali saboda sararin miƙe ƙafa, amma ba a zaunar da yara ko mai goyo ko mai rauni a wurin, tunda wanda ke zaune nan ne zai buɗe ƙofar idan buƙata ta taso, ƙofar kuma tana da nauyi. Idan aka ce wa dattijo, "Baba, a yi haƙuri a dawo nan," ba raini ba ne.

Sai batun kaya. Ma'ajiyar da ke saman kujeru a waɗannan jirage ba ta kai ta sababbi girma ba, saboda haka babban akwati a miƙa shi tun wajen awo, magani da fasfo da kuɗi kuma su zauna a ƙaramar jaka ƙarƙashin kujerar da ke gabanka.