Lissafin om da wat: wuraren da masu haɗa wuta suka fi yin tuntuɓe

Dokar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827 ba ta da tsawo. A raba bolt da amfiya, a sami turjiya a ma'aunin om: R = V ÷ I. A ninka bolt da amfiya kuma, a sami wat: P = V × I. Ɗalibin sakandare ma ya haddace su. Amma duk da haka waya na narkewa, fis na ƙonewa, domin ana zuba wa lissafin lambobin da ba nasa ba.

Kuskuren da ya fi yawa wurin masu koyon gyaran rediyo da fitilu shi ne mantawa da cewa miliamfiya ba amfiya ba ce. Ƙaramin ƙwan LED yana jan kamar miliamfiya 20. Sai yaro ya raba bolt 12 na batir da 20, ya sami 0.6, ya tafi neman resista (ɗan abin da ke rage wa ƙwan wuta) mai wannan adadi. Ai miliamfiya 20 amfiya 0.02 ce; a mayar da ita tukuna kafin a raba. Akwai kuma kuskure na biyu a ɓoye cikin lissafin nan: ba duka bolt 12 na batirin ke sauka a kan resistar ba. Jan LED yana riƙe kamar bolt 2, saura 10. Goman nan za a raba da 0.02, a sami om 500, sai a ɗauki 560 da ake samu a kasuwa. Zafin da za ta sha bai wuce wat 0.2 ba, don haka mai rubu'in wat za ta ɗauka, ko da yake ni na fi son a sa mai rabin wat a huta.

Inda abin ya fi ci wa mutane kuɗi shi ne wajen haɗa sola. Dutsen guga mai wat 1,000 a wutar gida ta bolt 230 yana jan amfiya 4.3 da 'yan kai. Mai haɗawa ya ga wannan adadi, sai ya ɗauko waya daidai da shi ya haɗa batir da inbata. To, a ɓangaren batir bolt 12 ne, ba 230 ba. Wat 1,000 a raba da 12, amfiya 83 ke nan, kuma idan aka sa asarar da inbata ke yi, za ta haura 90. Ninki ashirin! Zafin da waya ke yi kuwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da amfiya, sai an ninka amfiyar da kanta: P = I × I × R. A ce wayar da mahaɗanta suna da turjiyar om 0.01 kacal, abin da mita mai araha ba za ta ma nuna ba. A amfiya 90, wat 81 ne ke zama zafi a jikin waya da kan batir. In aka koma tsarin bolt 24, amfiya ta dawo 45, asarar ta faɗo wajen wat 20. Dalilin da ya sa manyan inbatoci ke aiki da bolt 24 ko 48 ke nan. Gyaran shi ne, kafin a raba wat da bolt, a tambayi kai: bolt na wane ɓangare? Sannan wayar batir ta kasance mai kauri, gajera, a ɗaure kanta tamau.

Wani kuma ya ɗauka wat ɗin da aka rubuta a jikin kaya shi ne kullum. Wannan adadi na ranar da wuta ta zo cikakkiya ne. Dutsen gugar ɗazu turjiyarsa kusan om 53 ce. Idan wuta ta zo da rauni, bolt 180 a ce, sai a yi 180 × 180 ÷ 53, a sami wat 611 ko kusa da haka. Bolt ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar da ɗoriya, zafi ya ragu da kusan biyu cikin biyar. Shi ya sa mai guga ke ta dannawa, shadda ta ƙi kwanciya. Sai dai kada a kai wannan lissafi kan firij ko injin jan ruwa. Su in wuta ta yi rauni ƙara jan amfiya suke yi, har nannaɗin wayar cikinsu ya ƙone.

Haka ma ƙwan fitila irin na da, mai zare a ciki. Lissafi ya ce mai wat 60 yana da om 880, a sa mita a ga bai kai 100 ba. Mitar ba ta yi ƙarya ba: zaren a sanyi aka auna, turjiyarsa kan ninku fiye da goma in ya ɗau zafi.

A kayan da ke da injin juyawa, irin su fanka da firij, bolt sau amfiya ba wat yake bayarwa kai tsaye ba, VA (bolt-amfiya) yake bayarwa. Janareto ko inbata da aka rubuta wa 2.5kVA, wato VA 2,500, yawanci wat 2,000 ne abin da zai iya ɗauka, domin da 0.8 ake ninkawa. Masu sayarwa ba su cika faɗin wannan ba. A ƙara da cewa firij na fizgar amfiya ninki da yawa a lokacin tashi, sai a bar masa sarari.

Saura awon kansa. Bolt ana auna shi ne a ɗora tsinken mita biyu a gefe da gefen kayan. Amfiya kuwa sai an yanke layi an sa mita a tsakiya, wutar ta bi ta cikinta. Wanda ya bar mita a kan amfiya ya cusa ta a soket, ya haɗa waya da waya ke nan. In ya yi sa'a fis ɗin mitar kawai zai ƙone. Turjiya kuma ba a auna ta da wuta a jiki. A cire filogi, a ɗaga ƙafar resista ɗaya daga allo, in ba haka ba sauran kayan da ke maƙwabtaka da ita za su shiga cikin awon.