Yadda ake shirya wa final ɗin FC 25: mai gudu da mai riƙe ƙwallo

Toh 'yan sal (ɗakin wasan PlayStation), final ɗin turnuwar unguwa, wato gasar wasan ƙwallo ta bidiyo, ya matso, kuma tun jiya ƙannena suke damuna a WhatsApp wai Yaya wa kake ganin zai ɗauka, mai Real Madrid ko mai Manchester City. Ni ba boka bane, amma zan nuna muku yadda ake karanta irin wannan mach tun kafin a ɗauki manet (abin da ake riƙewa a hannu a buga wasan), don mai bugawa ya san abinda zai shirya, mai kallo kuma ya daina ihu a banza. Maganata akan wasan ƙwallo na FC 25 ce a PS4 tunda ita muka fi samu a sal ɗinmu na Garwa a Kamaru, daga Yelwa har Rumde Ajiya, wanda yake da PS5 a gida Allah ya ƙara buɗi, shima yawancin maganar zata yi masa aiki.

Da farko ka manta da sunan ekip. Kowa ya san makin ƙarfin Mbappé 91 ne a wannan wasan, na gudunsa 97, Vinicius 90, Bellingham 90, can ɓangaren City kuma Rodri 91, Haaland 91, De Bruyne 90, wato a takarda babu wanda ya fi wani da abin a zo a gani. Bambancin yana hannun da ya riƙe manet, kuma kowane hannu akwai halin da baya iya bari ko da an gaya masa sau ɗari. Aikinka kafin final shine ka gano wannan halin. Ka je ka zauna a bayan abokin karawarka yana buga demi final ko yana wasan banza da abokansa, ka bar kallon ƙwallo, ka kalli ɗan wasan da alama take kansa a daidai lokacin da aka ƙwace masa ƙwallo. Idan ka ga nan take ya danna L1, maɓallin canza ɗan wasa, ya jawo ɗan baya na tsakiya ya fito da gudu don ya ƙwato, shikenan ka samu ƙofa, domin wurin da ɗan bayan nan ya bari nan zaka riƙa jefa tiriyangil (maɓallin pas ɗin da ke ratsa 'yan baya) har a tashi. Idan kuma ka ga ya ɗauki ɗan tsakiya da analog na dama yana dawowa a hankali ya bar 'yan bayansa a layi, toh wannan ya san aiki, ka shirya haƙuri.

Sannan ka kalli yatsansa na dama. Akwai masu manne wa R2, maɓallin gudu, tun daga busa har busa kamar ɗan moto da ya makara kai fasinja tasha, irinsu basa iya juyawa da sauri, ƙwallo tana nisa da ƙafar ɗan wasansu, kuma kafin minti 70 rabin ekip ɗin ta gaji. Ka lura kuma da gefen da yake so, mutane da yawa gefe ɗaya suke bi ba tare da sun sani ba, musamman masu Madrid, hagu hagu hagu saboda Vinicius.

Yanzu mu zo kan su biyun nan. Mai Madrid namu 4-4-2 yake bugawa, ko ince 4-4-2 a takarda, a zahiri mutum takwas a baya biyu a gaba suna jira. Baya son ƙwallo, so yake ka zo masa, ka yi pas goma sha, ka yi kuskure ɗaya, shi kuma X (maɓallin pas) ɗaya tiriyangil ɗaya Mbappé ya fita. Duk cin da na ga yayi a turnuwar nan kusan haka yake zuwa. Idan kai ne zaka kara da irinsa, abu na farko ka shiga taktik ka sauke layin defans. FC 25 da ya fito a 2024 ya canza tsarin taktik gaba ɗaya, yanzu kana zaɓar yadda zaka gina wasa, kana zaɓar tsayin layi da lamba har 100, kuma kowane ɗan wasa kana bashi rawar da zai taka. A shawarata kar ka wuce 50 da mai Mbappé. Na san akwai masu cewa a sa 70 a matse shi tun daga gidansa, eh yana yi idan hannunka yana da saurin canza 'yan wasa, amma final ba wurin gwaji bane, pas ɗaya ya wuce ta kanka babu ɗan bayan City da zai kamo 97. Sai kuma 'yan baya na gefe, ka basu rawar tsayawa a baya, aƙalla na gefen da Vinicius yake, kar ya riƙa hawa yana barin fili. Rodri kuma ka bar shi a gaban defans kar ya je ko'ina, shine makullin gidan.

Wani abu da yara basa ganewa: da mai jiran kuskure, inda kake rasa ƙwallo yafi muhimmanci akan sau nawa ka rasa. Ka rasa ta a kusurwa kusa da tutar korna, babu komai, kafin ya fito da ita mutanenka sun koma. Ka rasa ta a tsakiyar fili 'yan wasanka shida suna gaba, ka fara tunanin yadda zaka rama. Don haka pas ɗin haɗari a gefe ake yinsa ko cikin yadi na 18, tsakiya kuwa X mai sauƙi zuwa ƙafar wanda kake gani sarai. Kuma ka gama atak ɗinka da shot ko da bata shiga ba, ƙwallon da ta fita waje bata dawo maka da kontir, wato harin ramuwa na gaggawa.

Shi kuma mai City 4-2-3-1 ne, yana juya ƙwallo har sai ranka ya ɓaci, kuma ɓacin ran naka shine abincinsa. Yana kaiwa gefe, ya shiga har layin ƙarshe, ya mayar da ita baya ƙasa ƙasa ga wanda yake shigowa daidai wurin penalti, ko kuma De Bruyne ya samu taki a bakin 18 ya danna R1 da ron (maɓallin da'ira) ƙwallo ta lanƙwasa ta shige kusurwa mai nisa. Maganin wannan ba takil bane. Ka riƙe L2 ka fuskance shi kana ja da baya a hankali, ka rufe hanyar pas ba mutum ba, idan ya shiga gefe kar ka bi shi da ɗan baya na tsakiya, ɗauki ɗan tsakiya ka ruga ka tsaya wurin penalti ɗin nan tun kafin ƙwallo ta iso. R1 da ke turo abokin wasa ya taya ka matsi yana da amfani amma kar ka danne shi kullum, yana janye mutum daga wurinsa kuma yana cin ƙarfi. Wallahi rabin cin da ake yiwa mutane a sal su ne suke buɗe ƙofar da hannunsu saboda sun gaji da jira, minti ɗaya na gaskiya ba'a basu ƙwallo ba sai zuciya ta ɗebe su.

In ka ƙwato kuma kar ka yi saurin tiriyangil ɗin da kowa ya sani, mai City ya kalli wasanka shima. Ka bawa Bellingham, L1 da X don wanda ya bayar ya wuce da gudu, ka duba radar ɗin da ke ƙasan allo ka ga ko ɗan bayansa ya bi, sannan ka saki. Radar ɗin nan kyauta ne amma sai ka ga mutum ya shekara yana wasa bai taɓa sauke ido kansa ba.

Kafin a busa akwai ƙananan abubuwa da suke kayar da manya. Manet ɗin sal ya sha hannu, ka karɓa ka shiga wurin gwaji ka saki analog ka gani ko ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai, in yana yi ka ce a canza tun yanzu, bayan an ci ka babu mai sauraronka. Ka duba maɓallai kuma, mu da muka taso da PES kafin Konami ta mayar da shi eFootball a 2021 mun saba kare (maɓallin murabba'i) ne shot, a FC kuwa ron ne, kuma wani yana iya juya su ya tashi ya bar maka, ka fita kai da gola ka danna shot sai ka ga kuros ya tafi wajen 'yan kallo. Kamara ma ku daidaita tare. Ka zo da ɗan ƙyalle a aljihu, zafin Garwa in ya haura 40 tafin hannu jiƙewa yake, babban yatsa ya riƙa zamewa akan analog. Sai maganar kuran, wato wutar lantarki, wannan ku yanke ta a gaban mai sal da shaidu: in an ɗauke ana 2-1 a minti 60, za'a sake daga farko ne ko za'a ci gaba da sakamakon a buga sauran lokacin? Tun ran gini tun ran zane, an sha ɓata zumunci akan wannan.

Cikin wasan kansa, minti 6 ne kowane rabi a yawancin gasa, lokaci ne kaɗan, don haka minti 15 na farko a agogon wasa ka yi su a matsayin bincike, ka tabbatar abinda ka gani daga baya shine yake yi yau. Wanda ya shirya da gaske yana iya canza tsari don final kaɗai. Ka ajiye taktik guda biyu da zaka kira da maɓallan kibiya ba sai ka tsayar da wasa ba, ɗaya na neman ci in ana binka, ɗaya na rufe gida. Kuma duk lokacin da ka ci, wannan kikof ɗin da zai biyo baya shine mafi haɗari, kana murna kana kallon abokai shi kuma ya riga ya ratsa tsakiya, ka ci ka yi shiru ka koma baya tukuna.

Canji kuwa wajen minti 60 zuwa 65, ka shigo da masu gudu a gefe lokacin da 'yan bayansa suka fara jan ƙafa. Masu Madrid suna mantawa da wannan saboda suna ganin sha ɗayan farko sun isa.

Gola. In aka fito maka mutum ɗaya da gola, danne tiriyangil yana fito da shi, amma ka yi a makare, in ka fito da wuri mai hankali zai ɗaga maka L1 da ron ta sama, irin wadda ɗan garinmu Vincent Aboubakar ya yiwa golan Sabiya a Katar a 2022 ranar da aka tashi 3-3, har yau in na tuna sai na yi dariya. In kai ne mai ƙwallo kuma ka ga gola bai motsa ba, kar ka nemi burgewa, kusurwa mai nisa a ƙasa ta wadatar. Penalti kuma ka ɓoye manet ƙarƙashin riga ko ka juya gefe, zaune kuke kafaɗa da kafaɗa kuma gefen ido yana gani, ba zargi bane kowa yana yi.

Wa nake gani zai ɗauka? In mai City ya sauke layinsa ya kai mitan (hutun rabin lokaci) ba'a ci shi ba, nashi ne, domin mai Madrid ɗin nan na lura in aka kai minti 70 babu ci yana fara fitowa da 'yan baya, kuma nan Haaland yake jira. In kuwa Madrid ta fara ci kafin minti 30, dole City ta hau gaba, filin da Mbappé yake so ya buɗe, kuma ina ganin 3-1 ne. Ni dai na fi karkata ga mai City da ci ɗaya, saura ku zo da wuri don benci biyu ne kawai a sal ɗin.