Yadda Ake Hira da Fitaccen Mutum a Talabijin

Aikin yana farawa ne da bincike, tun kafin a aika takardar neman ganawa. Mai gabatarwa ya nemo hirarrakin da baƙon ya yi a baya, ya ware tambayoyin da aka sha yi masa, domin fitaccen mutum, ɗan siyasa ne ko jarumin fim, yana da amsoshin da ya haddace kamar karatun allo. Ɗan jaridar Ingila David Frost da masu taya shi bincike sun daɗe suna tonon takardun Watergate, badaƙalar siyasar da ta sa shugaban Amurka Richard Nixon yin murabus, kafin ya zauna da Nixon ɗin a 1977, kuma wannan shiri ne ya kai Nixon ga furtawa da bakinsa cewa ya ba Amurkawa kunya.

Daga nan sai daidaitawa da muƙarraban baƙon, waɗanda kusan kullum za su nemi a ba su tambayoyi a rubuce. A faɗa musu batutuwan da za a taɓo, amma a riƙe tambayoyin. Kada kuma a nemi ganawa da yaudara, domin binciken da aka fitar a 2021 ya tabbatar da cewa Martin Bashir na BBC ya yi amfani da takardun banki na jabu wajen samun hirarsa da Gimbiya Diana a 1995, abin da ya zubar da mutuncin hirar duk da shahararta.

Ranar ɗauka a isa da wuri, a gwada haske da sauti, a nisanta janareta, a kashe fanka. Ban manta da wata hira da na yi da wani basarake ba, inda muka maƙala ƙaramin makirufo a wuyan rigarsa, amawalin rawaninsa ya sauko ya rufe shi, ga fadawa suna “gyara kimtsi” duk lokacin da ya motsa. Sai da muka koma ofis muka tarar rabin maganar ba ta fita ba. Tun daga ranar ba na yin tambaya sai mai sauti ya sa abin saurare a kunne ya ɗaga mini hannu.

Tambaya ta zama gajera, kuma guda ɗaya a lokaci guda. Mai gabatar da shirin talabijin a Amurka Oprah Winfrey ta buɗe hirarta da ɗan tseren keke Lance Armstrong a 2013 da tambayoyin da amsarsu i ce ko a'a, cikin mintunan farko ya amsa cewa ya yi amfani da magungunan ƙara kuzari. Idan baƙo ya kauce, a koma masa. Jeremy Paxman na BBC ya maimaita wa ɗan siyasar Ingila Michael Howard tambaya ɗaya fiye da sau goma a 1997, sai dai a ganina wannan salon ba zai karɓu a gaban dattijo a ƙasar Hausa ba. Gara a ce, “Ranka ya daɗe, a ƙara mana haske a kan batun kuɗin nan,” a sake lafazi, a riƙe batun.

In ya gama amsa, kada a yi gaggawar duba takarda. A ɗan yi shiru ana kallonsa, domin sau da yawa a nan ne yake ƙara abin da bai shirya faɗa ba.

Kafin a naɗe kaya, mai kyamara ya ɗauki hannayen baƙon, da zauren, da mai gabatarwa yana gyaɗa kai, saboda da su ake rufe wuraren da aka yanke lokacin tacewa, kuma a yanke ta yadda amsa ba za ta koma ƙarƙashin wata tambayar ba.