Yadda ake wanke rigar sanyi ta ulu a gida

Kafin a jiƙa komai, a duba 'yar takardar da ke wuyan rigar ko gefenta ta ciki. Da yawa daga cikin suwaitar gwanjo ta kasuwar Ƙofar Wambai a Kano zaren roba ce, ba ta da laulayi. Amma in ulun tunkiya ne na gaske, wanki ɗaya na ganganci ya isa rigar babba ta koma ta yaro.

Dalili kuwa, kowane silin ulu yana da 'yan ɓawo kamar na kifi. Zafi da sabulu mai ƙarfi su ɗaga su, cuɗa ta sa su sarƙe juna, sai rigar ta tsuke ta yi tauri. In ta kai nan, babu gyara.

Don haka kada ruwan ya wuce digiri 30. A taɓa shi tukuna, musamman na tankin da ya wuni a rana. Omo ma a bar shi: yawancinsa akwai sinadarin da ke cinye tabon jini da ƙwai, shi kuwa ulu gashi ne, har shi yake ci. Sabulun soda da bilic sun fi muni. Shamfu na jarirai ya wadatar, cokalin shayi 1 a ruwa lita 5, a kaɗa ya narke kafin a sa rigar.

A kakkaɓe ƙurar hunturu, a juya rigar bai-bai, a nutsar da ita ta yi minti 10. A riƙa dannawa da tafin hannu kawai, ban da cuɗa, ban da buroshi. Wuya da bakin hannu, inda mai da basilin ke taruwa, a ɗiga musu shamfu a shafa da yatsa. A ɗauraye sau 2 ko 3 da ruwa mai sanyi daidai da na farko. Rigar da launinta ke zuba, a wanke ta ita kaɗai.

Wajen shanya aka fi yin ɓarna. Jiƙaƙƙen ulu yana da nauyi, in aka rataye shi a igiya ko hanga sai kafaɗu su zazzago, hannaye su yi tsawo. A tallabo rigar da hannu biyu, kada a murɗe ta. A shimfiɗa ta kan tawul, a naɗe kamar tabarma, a danna ruwan ya fita. Sannan a canja busasshen tawul, a daidaita mata siffarta, a bar ta kwance a inuwa. Falo ko baranda ya fi tsakar gida, don hazo zai sake bule ta da ƙura. In saman ya bushe a juya ta.

Sanyi na wucewa wajen ƙarshen Fabrairu, a wanke ta kafin a adana, domin asu ya fi bin rigar da ke da gumi. A ninke ta, a sa kafur a cikin akwatin.